Yarinyar Ƙasan Shafi

Ƙanshin kirfa ne ya tare ni tun daga baranda, haɗe da na kofin da ya daɗe a kan wuta. Kowace Alhamis haka gidan yake. Tsohuwar takan gasa wani burodi nannaɗaɗɗe mai kirfa da sukari a ciki, irin na kakarta in ji ta, ta jera shi a faranti ta rufe da ƙyalle, ko da mu biyu ne kawai za mu ci. Har yau in na wuce shagon burodi na shaƙi wannan ƙanshin, gabana yakan faɗi kafin in tuna dalili.

Shekarata ta biyu ke nan a Greensboro. Ina zaune da Goggo, yayar babana, a wani ɗan gidan haya a hawa na biyu, bayan manyan shagunan Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Goggo ce ta riƙe ni tun ranar da aka yaye ni a Damagaram. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ɗauke ni da ɗan ƙunshin kayana aka kai mata, kamar yadda ake yi a wurinmu. A bayanta na yi barci, a kwanonta na ci, kuma da ta samu hanyar Amurka ba ta huta ba sai da ta jawo ni. A sito take aiki, tana cusa kaya a kwali tun asuba. Ni kuwa in na fito daga aji da rana sai in hau bas zuwa Glenwood, inda nake taya wata tsohuwa Baturiya 'yan aikace-aikacen gida.

Aikin ba shi da yawa. In wanke kwanuka, in fitar da shara, in karanta mata wasiƙu saboda idonta ya fara dishi-dishi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta tilo yana McLeansville, yakan zo ya yanke ciyawar ƙofar gida ya koma ko ruwa bai sha ba. Zuma take kirana, kamar yadda take kiran kowa, har da mai kawo wasiƙa. Ni kuma Madam nake ce mata, don bakina ya kasa kama sunan mace mai furfura, duk da ta sha roƙona.

A bangon ɗakin cin abincinta akwai wata babbar takarda da aka haɗa da salatif. Salsalarta ce. Turawa bishiya suke ce mata, kuma bishiyar suke zanawa, kowane mutum a cikin ɗan akwatinsa. Reshen da ya fi tsawo na kakarta ne ta wajen uwa, wadda ta taso daga Suwidin tana budurwa, ita kaɗai a jirgin ruwa. Kakar ba mai yawan zancen ƙasarsu ba ce. Sunan wata gona kawai ta bar musu, ta ce can ta girma. Da tsohuwar ta koyi kwamfuta sai ta rubuta sunan kakar da na gonar a intanet, sai ga salsala cikakkiya wani ya riga ya haɗa: mai gonar shi ne uba, ga ubansa, ga kakansa soja, har sama inda rassan suka kusa taɓa silin. Ta kwafe duka. Ta haka ta gano cewa har yanzu zuriyar mutumin ce ke zaune a gonar. Shekara uku suna musayar wasiƙu da katin Kirsimeti. A wannan shekarar sun gayyace ta taron dangin da suke yi a lokacin da yini ya fi tsawo, kuma tikitin jirgin yana manne a jikin firij.

"Duk duniya su kaɗai ke rubuto mini don ni," ta taɓa ce mini. "Sauran wasiƙun duk talla ne."

Tana so ta kai musu tsaraba: hoton ainihin shafin littafin coci inda sunan kakarta yake tare da na iyayenta, a sa shi a firem. Ta yi rajista da wani dandali na intanet da ya ɗora hotunan tsofaffin littattafan cocin Suwidin, amma da ta buɗe ta tarar ko layi ɗaya ba ta iya karantawa. Rubutun hannu ne haɗaɗɗe, mai lanƙwasa da jela. Ni kuwa irinsa aka koya mana a lakwal, makarantar boko, malamarmu tana tsaye a kanmu da rula. Ban san harshen ba, amma haruffan ba su ɓuya mini ba. Tana kuma da wata takarda mai jerin kalmomin da aka fi cin karo da su a littattafan, da fassararsu a gefe.

Littattafan sun ɗauke mini hankali. Limamin cocin kowane yanki yakan zaga gidaje sau ɗaya a shekara, ya tara mutane ya gwada karatunsu, sannan ya rubuta su. Kowane gida da shafinsa, kuma shafi ɗaya yakan yi shekaru ana ƙara masa rubutu kafin a buɗe sabon littafi. Maigida a sama, sai matarsa, sai 'ya'ya bi da bi, can ƙasa kuma barori da duk wani mai zaman gidan. Gaban kowane suna akwai ranar haihuwa, da gurbin inda mutum ya fito, da na inda ya tafi, da na mutuwa. In mutum ya bar gidan, ko da ƙafarsa ko a makara, sai liman ya ja layi ya soke sunan. Ni da na taso inda tsofaffi ke riƙe asalin unguwa guda a ka, na yi ta mamakin ƙasar da aka rubuce kaf, har jariran da ba su kai ga yin haƙori ba. A bas, in ina komawa gida, sai in riƙa ganin sunayen a gilashin taga, wasu a soke, wasu a tsaye.

Ran Alhamis ɗin nan muka kai ga shafin gonar. Ina zaune gaban kwamfuta, ita tana tsaye a gefena da burodinta a hannu. Haka take cin burodin nan kullum.

"Ki zauna mana, Madam."

"Kakata ba ta taɓa cin abinci a zaune ba," ta ce tana dariya. "Gidanta ne, teburinta ne, 'ya'ya shida ta haifa, amma sai ta zuba wa kowa ta koma jikin murhu ta ci nata a tsaye. In muka ja hannunta sai ta ce ta fi jin daɗin haka. Mahaifiyata ta ce al'adar ƙasarsu ce. Duba mana, zuma, kin gan ta?"

Na gan ta. Ta uku a jerin 'ya'ya, da ranar haihuwa irin wadda ke jikin bango, a tsakiyar shekara. An ja layi a kan sunan.

"An soke ta," na ce.

"Ai dole. Ta tafi Amurka."

Na ɗora yatsa a kan gilashin na bi layin zuwa dama. Gurbin tafiya babu kome. Na ci gaba. A gurbin mutuwa akwai ɗan gicciye da kwanan wata. Na cire shekarar haihuwa daga waccan a zuci, na sake cirewa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Shekara biyu da 'yan watanni.

Na ce bari in duba wani abu, na buɗe littafin mutuwa na wannan shekarar, ina addu'ar a ce yatsana ne ya zame zuwa layin wani. Tana nan. Sunanta, sunan gonar, sunan ubanta, da ciwon da ya yi ajalinta, wanda takardar fassara ta ce na maƙogwaro ne.

Na ɗaga kai na dubi bango. A can, wannan jaririyar ta hau jirgin ruwa, ta auri wani kafinta, ta haifi shida, ta yi furfura. Har hoto aka manna mata, na wata tsohuwa mai tsukakken baki da farar kwala. An tono ta daga ɗan kabarinta an aza mata rayuwar wata, ta shekara tamanin, kuma ba wanda ya ji nauyin abin. Ban san lokacin da na ce innalillahi a fili ba.

"Mene ne?"

Na so in ce hoton ne bai fito sosai ba. Amma a lokacin ban iya ƙarya da Turanci ba, kalmomina ba su kai ba. Na nuna mata gicciyen, na karanta mata shekarun biyu.

Ta ajiye burodin a kan takardu. Ta jawo kujera ta zauna a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa a ka. Ta daɗe tana kallon gilashin, ko da yake na san ba abin da take gani sai hazo.

"Wataƙila sun sake haifar wata suka mayar mata da sunan," na ce, don a wurinmu ana yi. Na duba. Bayanta maza ne biyu, shi ke nan.

"To, wa nake rubuta wa shekara uku?" ta ce. Ba da ni take ba. Ta tashi ta je firij ta cire tikitin, ta tsaya da shi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye.

Don kada in kalle ta, na mayar da ido kan shafin na yi ta jan sa ƙasa ba da nufin kome ba. Na wuce barori maza biyu, na wuce wata baranya. Can a layin ƙarshe, inda takardar ta yi duhu saboda shafar yatsu, ga sunan nan kuma. Sunan yanka ɗaya, sunan uba ɗaya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Su ma a da da sunan uba ake kiran ɗa, kamar mu, kuma 'yan sunaye kaɗan ne ke ta juyawa. A ajinmu na lakwal mu uku ne ke amsa suna ɗaya da na uba ɗaya, sai da malama ta raba mu da lamba. Wannan ta ƙasan ba a soke ta ba. Ta girmi marigayiyar da shekara huɗu, kuma tana da bakwai ta shigo gidan.

"Madam, yaushe kuke yi wa kakarki bikin ranar haihuwa?"

"Mako guda kafin Kirsimeti. Mu yara har tausayinta muke ji, kyauta ɗaya ake haɗa mata." Ta waiwaya ta dubi bango. "Na ga bambancin tun farko. Na ce mutanen zamanin da ba su damu da kwanan wata ba."

Na karanta mata ranar da ke gaban sunan. Watan Disamba ne, mako guda kafin Kirsimeti. Na buɗe littafin da ya biyo bayan wannan, na nemi gonar. Yarinyar tana nan a ƙasan shafi, ta zama budurwa, kuma yanzu an soke ta. Na bi layin. A gurbin tafiya akwai kalmar da ban nemi fassararta ba: Amerika.

Tsohuwar ta dawo ta zauna, tikitin a cinyarta. Ta ce in koma baya in karanta mata duk abin da ke gaban sunan. Akwai wata 'yar ƙaramar kalma da liman ya matse a gefe. Muka neme ta a takardar fassara. Marainiya ce, wadda jama'ar cocin yankin ke ɗauke da nauyinta, aka ajiye ta a wannan gidan.

"Ba 'yarsu ba ce," ta ce. "Ba jinina ba ne, ko ɗaya daga cikinsu."

A nan ne wani haske ya faɗo mini, ko abin da na ɗauka haske ne. Na sake duba shekarun. Shekara guda bayan rasuwar jaririyar aka kawo ta. Nan take na ga abin a idona kamar ina wurin: uwa tana zaune da wofin cinya, ƙanƙara ta rufe tagogi, sai ta ji labarin wata marainiya mai sunan 'yarta, ta ce a kawo mata ita.

"Madam, 'yar riƙo ce," na ce. Na rasa kalmar a Turanci, sai na ba ta labarina. Na gaya mata yadda aka kai ni wurin Goggo, da yadda ba a taɓa bambanta ni da 'yar ciki ba, da yadda a wurinmu wadda ta riƙe ka takan fi wadda ta haife ka iko da kai. Na ce muna cewa ɗa na kowa ne. Na ce waɗannan mutanen sun rasa 'ya, Allah ya mayar musu da wata mai sunanta, suka buɗe mata ƙofa a lokacin da ba ta da kowa. In haka ne ai sun fi ƙarfin dangin jini, tunda jini ba zaɓa ake yi ba.

Ta saurare ni har na gama, idonta cike da hawaye.

"Kina ganin haka?"

"Na tabbata," na ce. Da wannan kalmar na amsa mata.

Kafin magariba na isa gida. Goggo tana falo, ƙafafunta a cikin robar ruwan zafi, ta yi obataim, ƙarin awoyi a sito.

"Ke, ina kika tsaya? Ko matattun naku ne suka riƙe ki da hira?"

Na zauna a ƙasa kusa da robar na kwashe labarin duka na ba ta, har da ƙanƙarar da ke tagogi. Ta saurara idonta a rufe. Da na kai wurin riƙo, ina jira ta yi murmushi, sai ta buɗe ido ɗaya.

"To, wa ya ba da ita?"

"Marainiya ce, Goggo. Mutanen coci ne suka..."

"Na ji. Ni ubanki ne ya ɗauko ki da hannunsa ya aza mini a cinya, uwarki tana kuka a bayan ƙyaure. Kuma duk Juma'a sai ta aiko a gano ko kin rame. In na mare ki akwai mai tambayata. Wannan ɗiyar wa ke zuwa ganin ta?"

"Sun rasa tasu fa. Kuma suna ɗaya."

"Suna." Ta yi tsaki. "In ɗiyar gida ce me ya kai ta ƙarƙashin barori? Ni in za a rubuta gidana, ina za a sa ki?"

"Tsarin littafin ne haka. 'Ya'yan ciki a sama."

"Bon. Ke kika yi lakwal. Miƙo mini man zafi."

Na miƙa mata. A raina na ce gajiya ce, aikin sito ya sa ta daina yarda da kowa.

Makon da ya biyo baya muka shiga gyara. Na buɗe salsalar tsohuwar a intanet, na je akwatin kakar, na zaɓi a raba ta da iyayen da aka ba ta. Kwamfuta ta tambaya ko mun tabbata.

"Danna," ta ce.

Na danna. Mai gona ya ɓace, da matarsa, da ubansa, da sojan, da duk na samansu, mutum fiye da arba'in a ƙiftawar ido. Sai da na riƙe bakin tebur. Ban taɓa tsammanin ana iya kwashe wa mutum kakanni da yatsa ɗaya ba, kamar yadda ban taɓa tsammanin ana iya ba shi su da yatsa ɗaya ba. Muka bi ranar haihuwar yarinyar baya, littafi bayan littafi, har muka samo inda aka haife ta, wata bukka a gefen daji. Ubanta ɗan ƙodago ne, ya rasu tana goye. Uwar ta bi shi tana da shida. Akwati biyu muka samu muka cika a samanta. Tsohuwar ta ɗauko almakashi ta yanke dogon reshen daga bango, ta ninke shi, ta sa a aljihun tebur. Ba ta jefar ba.

Sannan muka nemi sauran salsaloli da ke ɗauke da kuskuren. Sun fi goma, kowa ya kwafa daga wani, har ba a san na farko ba. Tana faɗa ina rubutawa, muka aika wa kowa saƙo da sunan littafi da lambar shafi, muka ce su duba gurbin mutuwa da idonsu. Biyu suka yi godiya suka gyara. Wani mutum ya amso cewa salsala goma sun yarda da shi, mu kuwa guda ce. Wata ta ce ta riga ta buga bishiyar a jikin riguna don taron danginsu, ba ta ga abin tayar da hankali ba. Sauran ko amsa ba su yi ba.

"Bar su," in ji tsohuwar. "Mu dai mun mayar da jaririyar mutane ta kwanta."

Wasiƙar gona ce ta fi wuya. Sau huɗu muna sake ta. Ta gaya musu gaskiya, cewa ba jini ya haɗa su ba, amma kakanninsu ne suka riƙe kakarta tana marainiya, ta tambaya ko har yanzu tana iya zuwa. Amsar ta ɗauki mako biyu, alhali da can in ta aika musu imel kwana biyu ba sa yi. Gajera ce. Suka ce ta zo, suna jiran ta.

Ta mayar da tikitin jikin firij. Muka buga shafin, muka ja jan layi a ƙarƙashin sunan da ke ƙasa, muka sa shi a firem ɗaya da hoton kakar. Ta kuma rubuta jawabin godiya da za ta karanta a wurin taron, ni na taya ta. Ta so maganar nan ta ɗa na kowa ne, ta ce in fassara mata, ta sa ta a ƙarshe. Ta yi ta gwadawa a gabana a kicin, tana riƙe da takardar dab da hancinta.

Ta dawo bayan kwana goma sha biyu, kumatunta sun yi ja saboda rana, tana magana kamar yarinya. Ta ce doguwar rumfa suka yi a ƙarƙashin bishiyoyi, rana ba ta faɗuwa, kuma a wurin girma na teburin suka zaunar da ita, a kujerar maigida.

"Jawabin fa, Madam?"

"Na karanta duka, ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Amma ba wanda ya tafa, kin ji mutane. Dattijon gidan ya sunkuyar da kai ya yi ta kallon farantinsa. Matarsa ta tashi ta shige kicin. Can da aka watse ya zo ya kama hannuna da nasa biyu, ya faɗi wata doguwar magana da harshensu. Na ce wa jikarsa me ya ce, ta ce wai yana mini sannu da zuwa."

"Doguwar magana ce sannu da zuwa?"

"Kunya gare su, zuma. Ba sa son a yabe su a gaban jama'a."

"Kamar Fulaninmu," na ce. Muka yi dariya. Ta ba ni tsarabata, wani ɗan doki na katako mai jan fenti, ta ce ba don ni ba da ta yaga tikitin nan.

Hunturu biyu bayan haka ta rasu. Lokacin na daina yi mata aiki, karatu ya yi nauyi, sai dai in leƙa ta wata Alhamis ɗin. Wata maƙwabciyarta ce ta gaya mini a tashar bas. Ɗan ya sayar da gidan, ɗalibai suka shiga, kekuna suka cika barandar. Takardar fassarar kalmomin ta zauna a wurina, a cikin wani tsohon littafin aji, tare da lambobin shafukan da na rubuta a bayanta.

Shekaru da yawa suka wuce. Na gama karatu, na yi aure, na samu aiki a laburare. Goggo ta bar sito, gwiwa ta hana ta, yanzu jikokinta take reno, tana musu Hausa suna amsa mata da Turanci. A wata rana da babu jama'a ina taya wani mutum neman kakanninsa, na lura an ƙara ɗora wasu littattafan Suwidin, ba na haihuwa da mutuwa kaɗai ba, har da na tarukan da jama'ar kowane yanki ke yi kan sha'anin matalauta. Da ya tafi na nemi yankin gonar, na nemi shekarar da yarinyar ta cika bakwai. Ina so in ga ko an rubuta maganar uwar nan da ta ce a kawo mata ita. Na kwafi haruffan ɗaya bayan ɗaya, na fassara, na sake fassarawa, sannan na aika wa wata ma'aikaciyar laburare a can don ta tabbatar mini. Ta tabbatar.

A wannan yankin, marayan da ba su da kowa gwanjonsu ake yi, sau ɗaya a shekara, a gaban jama'a. Sai dai gwanjon a juye yake: jama'a ce ke biyan kuɗin ciyarwa, saboda haka wanda ya yarda da mafi ƙanƙantar kuɗi shi ke tafiya da yaro, ya kuma mori aikinsa. Sunanta yana nan, na huɗu a jerin ranar. Maza uku suka yi tayi. Mai gonar ne ya fi kowa saukowa, kuma magatakarda ya rubuta a gefe cewa yarinyar lafiyayya ce, ta isa kiwo.